Tausa, ƙaho da sassaƙe: Abin da jikin mai kansa zai iya ɗauka a lokacin jinya

A yawancin ofisoshin gwamnati da ke Abuja, labarin kan fara ne da takardar karo-karo. Abokin aiki ya kwana biyu ba a gan shi ba, sai a tsinta a bakin masinja cewa an yi gwaji an gano kansa ce, yanzu yana zirga-zirga tsakanin gida da asibiti. Kafin mako ya zagayo an haɗa abin da ya sawwaƙa, an wakilta mutum huɗu ko biyar su tafi dubiya Kubwa ko Nyanya ko Lugbe bayan an tashi aiki. Ba kasafai ake zuwa da ambulan kaɗai ba. Wannan ya riƙo kwalbar man habbatus sauda, wancan ya zo da ƙullin sassaƙe da aka aiko masa daga gida, wata kuma ta kawo lambar wayar wata mai tausa da ta ce hannunta na da albarka. Idan kuwa maigida ne ko uwargidansa ke kwance, aikin yakan faɗo kan hadimi: shi za a ce ya nemo wadda za ta riƙa zuwa gida tana yin tausa, shi zai karɓi kwalaben da masu fatan alheri ke aikowa ya jera su a ɗaki.

Duk wannan ƙauna ce, kuma majinyaci na bukatarta. Sai dai a cikin waɗannan kyaututtuka akwai wanda zai sa shi barci mai daɗi a daren, akwai wanda ba zai ƙara shi da komai ba, akwai kuma wanda zai iya kai shi ɗakin gaggawa kafin asuba. Mai bayarwa ba ya iya bambancewa da ido, domin abin da ke raba su yana cikin takardar gwajin jinin majinyacin da jadawalin maganinsa.

Lamarin ya shafi gidaje da yawa. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa mutum fiye da dubu 127 ne suka kamu da cutar a Najeriya a shekarar, kusan dubu 80 kuma suka rasu, inda kansar mama da ta furostet da ta bakin mahaifa ke kan gaba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan majinyata 160 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu ya gano kashi 65 cikin ɗari sun yi amfani da wani abu bayan maganin asibiti, galibi tsirrai da addu'a. Shekara goma bayan nan, irin wannan bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya samu kusan wannan adadi, wato biyu cikin kowane uku. Ke nan wanda ya tsaya ga maganin likita kaɗai shi ne baƙo a cikin layin.

Kalmar da ke ruɗa mu

Aikina gyaran rubutu ne, saboda haka a yi mini uzuri idan na tsaya kan kalma. A Hausa komai "magani" ne: abin da ke kashe cuta magani, abin da ke rage zafinta magani, abin da ke kwantar da hankalin mai ita shi ma magani. Likitocin kansa kuwa suna raba abubuwan nan gida biyu, kuma rabon ba na son iyawa ba ne. Akwai abin da ake haɗawa da maganin asibiti don a samu sauƙin ciwo ko tashin zuciya ko rashin barci. Akwai kuma abin da ake ɗauka a madadin maganin asibiti da niyyar waraka. Na farko yana da gurbi a manyan asibitocin kansa na duniya. Na biyu an auna sakamakonsa, kuma ba shi da daɗin ji.

Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi bayanan mutum 281 da kansarsu ba ta bazu ba, waɗanda suka zaɓi madadin magani kaɗai, suka gwama su da mutum 560 da suka karɓi maganin asibiti. Haɗarin mutuwa a rukunin farko ya ninka sau biyu da rabi, a kansar mama kuwa ya haura ninki biyar. A 2018 masu binciken suka sake duba waɗanda ke haɗa biyun, suka tarar su ma haɗarin mutuwarsu ya kai kusan ninki biyu, kuma dalilin shi ne sun fi saurin ƙin tiyata ko gashi ko kimo da likita ya ba da shawara. A ganina wannan binciken na biyu ya fi kusa da halin da muke ciki. Da wuya ma'aikacin gwamnati ya ce ya rabu da asibiti gaba ɗaya. Abin da ya fi faruwa shi ne a ce a ɗan dakata da zagaye na huɗu "a gwada na gida" wata guda, watan ya zama uku.

Akwai kuma tsohon zancen nan da har yanzu ake ji, cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya fusata. Kalmar "daji" a bakin mutanenmu ta haɗa kumburi iri-iri, har da maruru da ruɓewar fata da ƙwayoyin cuta ke jawowa, waɗanda kan warke da kansu ko da ɗan magani. Mai maganin da ya ce ya warkar da daji ɗari yana iya zama mai gaskiya a iya saninsa, alhali ko ɗaya daga ciki ba a taɓa yankar tsokarsa an duba a na'ura ba.

Tausa ba ta yaɗa kansa, amma tana da sharuɗɗa

Tsoron da aka fi ji game da tausa shi ne wai matsa jiki zai tura ƙwayoyin cutar su bi jini su bazu. Babu wata hujja da ta tabbatar da haka. Bazuwar kansa na faruwa ne saboda sauye-sauyen da ke aukuwa a cikin ƙwayar cutar kanta, waɗanda ke ba ta damar ɓallewa, ta ratsa bangon jijiya, ta samu wurin zama a wani sashe. Hawa matakalar Sakatariyar Tarayya ranar da lif ya lalace ya fi tausa motsa jini, kuma likitoci na ƙarfafa wa masu kansa gwiwar motsa jiki gwargwadon ƙarfinsu. Wannan tsoro ya sa a wasu gidaje ana jin nauyin taɓa majinyaci, sai ya yi watanni ba hannun da ke sauka a jikinsa sai na mai neman jijiya.

Amfanin tausa kuwa an auna shi. A 2004 cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke New York ta wallafa bayanan majinyata 1,290 da aka yi wa tausa, inda suka ce ciwo da gajiya da fargaba da tashin zuciya sun ragu da kusan rabi bayan an gama. Wani gwaji na 2008 a kan mutum 380 da cutarsu ta yi nisa ya nuna tausa na rage ciwo da gyara yanayin zuciya nan take, sai dai sauƙin ba ya daɗewa, kuma ko ɗora hannu kawai a jiki ya yi wa wasu amfani. A 2022 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka tare da ƙungiyar masana haɗa magunguna suka fitar da jagora da ya amince da tausa don rage ciwo, musamman ga waɗanda ke matakin kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Iyakar abin da aka samu ke nan: sauƙi na sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu. Ga wanda ya yi sati bai runtsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma duk mai tausar da ya ce zai narkar da ƙari ko ya fitar da gubar kimo daga jiki, ya faɗi abin da ba shi da shaidarsa.

Inda haɗarin yake shi ne jikin da ke karɓar magani ba shi ne jikin da aka sani bara ba, kuma tausar da muka saba da ita mai ƙarfi ce. Mu a wurinmu idan ba a ji ƙashi ya yi ƙara ba, kamar ba a yi komai ba.

A fara da jini. Kimo na taɓa ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, ciki har da waɗanda ke tsayar da zubar jini, da likitoci ke kira filatilet. A lafiyayyen mutum adadinsu kan kama daga dubu 150 zuwa dubu 450 a ma'aunin da ake rubutawa a takardar gwaji. Idan suka faɗi ƙasa da dubu 50, matsa tsoka da ƙarfi na iya sa jini ya kwanta a ƙarƙashin fata ko a cikin tsokar. Haka ma wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini. Saboda haka tambayar farko da ƙwararren mai tausa zai yi ita ce yaushe aka yi gwajin jini na ƙarshe, kuma me ya nuna.

Sai kishiyar wannan, wato daskarewar jini. Mai kansa ya fi sauran mutane haɗarin samun gudan jini a jijiyar ƙafa ninki huɗu zuwa bakwai, kuma tiyata da doguwar kwanciya da wasu magungunan na ƙara shi. Zaman jirgi na sa'o'i daga Alƙahira ko Indiya, inda da yawa daga cikin manyanmu ke zuwa jinya, shi ma na ƙarawa. Alamar ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, sharaɓa na ciwo. Abin takaici, wannan ita ce ainihin ƙafar da kowa zai ce a kawo man zafi a murza. Murzawar na iya ɓalle gudan ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, kuma hakan na kisa cikin mintuna. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai hoto take bukata a ranar, kada kowa ya taɓa ta.

Ƙashi shi ne na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ya shafi dattawan da ke dab da ritaya. Kansar furostet da ta mama da ta huhu, da kansar ɓargo da ake kira mayeloma, suna yawan sauka a ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu da cinya, su rarake ƙashin ta ciki kamar yadda gara ke yi wa azara. Daga waje ba a ganin komai, mutum dai yana kukan ciwon baya. Al'adarmu ce a kwanta rubda ciki a sa yaro ya taka bayan, ko a kira mai ɗori ya ja ya lanƙwasa, ko a tafi gidan tausa na zamani a Wuse ko Maitama inda ake danna baya da gwiwar hannu. Ƙashin da kansa ta ci na iya karyewa a ƙarƙashin nauyin da lafiyayyen ƙashi ba zai ko ji ba, idan kuma na baya ne, yana iya danne laka. Duk mai kansar da ya ji sabon ciwon baya da ke tsananta da dare ko idan ya kwanta, ƙafafunsa suka fara nauyi ko dindiris, ko fitsari ya fara riƙewa ko kuɓucewa, to a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Likitoci na lissafa wannan matsala da sa'o'i, domin wanda ya iso yana tafiya da ƙafarsa ya fi samun damar ci gaba da tafiya, wanda kuwa ya iso ƙafafun sun riga sun mutu da wuya su dawo.

Fatar da ake gasawa da na'ura tana zama kamar wadda ta ƙone, takan yi duhu, ta bushe, wani lokaci ta saluɓe. Ba a murza ta, ba a goga mata soso, ba a shafa mata man zafi ko turare, ba a ɗora mata tsumman ruwan zafi, kuma ba a goge alamomin da ma'aikatan gashi suka zana a kai, domin da su ake saita na'ura. Mata su lura cewa dilka da halawa sun shiga wannan hani, haka nan turaren tsuguno da kayan matsi ga wadda ake yi wa gashin bakin mahaifa. Wurin da ƙarin yake, da wurin da aka yi ɗinki bai warke ba, da inda aka dasa robar ɗura magani a ƙirji ko hannu, duk kewaye su ake yi.

Akwai kuma kumburin hannu da ke biyo bayan cire kaluluwar hammata a tiyatar mama, wanda ke samun kusan mace ɗaya cikin biyar, wani lokaci bayan shekaru. Ruwan da kaluluwa ke kwashewa ne ya rasa hanya. Tausa mai ƙarfi na ƙara shi. Akwai wata tausa ta musamman da ake yi masa, wadda Emil Vodder, ɗan ƙasar Denmak, ya ƙirƙiro a shekarun 1930, mai laushi ƙwarai, kusan shafa ce, kuma tana bin wani tsari na inda za a fara da inda za a tura ruwan, a haɗa da naɗe hannun. Ma'aikatan fisiyo da suka koye ta ne ke yin ta. Wasu magungunan kimo kuma, irin su paclitaxel da oxaliplatin da vincristine, na kashe jin tafin hannu da na ƙafa, ta yadda majinyaci ba zai gane an matsa da yawa ko ruwan ya yi zafi ba sai ya ga ƙuna.

To wa zai yi tausar? Wuri mafi aminci da za a fara tambaya shi ne sashen fisiyo na asibitin da ake jinya, domin ma'aikatansa na da rajista da hukumar da ke kula da sana'arsu, kuma suna iya buɗe fayil su karanta. Mai tausa a otal ko wadda ake kira ta waya tana iya ƙwarewa wajen sauke gajiyar lafiyayye, amma idan aka gaya mata ana kimo ba ta tambayi komai ba ta ce a kwanta, wannan kaɗai ya isa a sallame ta cikin mutunci.

Ƙaho da tsaga

Ƙaho na da daraja a wurin Musulmi, kuma ba wanda ke jayayya da matsayinsa. Tambayar ta lokaci ce da halin jiki. Bayan kowane zagaye na kimo, fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta kan faɗi, galibi su kai ƙasa tsakanin kwana na bakwai da na goma sha huɗu. A wannan tsakani, 'yar tsagar da lafiyayye zai manta da ita kafin gobe na iya zama ƙofar da ƙwayar cuta za ta shiga jini, kuma jikin ba shi da mayaƙan tare ta. Ga ƙarancin filatilet da zai hana jinin tsayawa, ga shi kuma yawancin masu kimo da ma jinin nasu bai isa ba, har wasu sai an yi musu ƙari kafin a ci gaba. Cire jini daga wanda ake nema wa jini a layin masu bayarwa abu ne da ya kamata a tsaya a yi tunani a kai. Sakiya da tsagar wanzami a kan kumburi sun fi wannan muni, kuma hannun da aka cire wa kaluluwa ba a yi masa ko ɗaya har abada. Wanda ke son yin ƙaho ya jira a kammala magani, jini ya dawo daidai, ya tambayi likitansa, sannan a yi da sabbin kayan da ba a taɓa amfani da su ba.

Lamba ɗaya ya kamata kowane mai jinya ya haddace: 38. Idan ma'aunin zafin jiki ya kai haka ga wanda ke kan kimo, ba a cewa maleriya ce a aika kemis, ba a yin sirace a lulluɓe shi da bargo. Asibiti ake tafiya.

Addu'a da ruƙiyya da sauraren karatu ba sa karo da kowane magani, haka ga Kirista da addu'arsa, kuma likitoci sun san natsuwar da suke bayarwa. Jagororin da aka fitar a Amurka a 2023 kan fargaba da damuwar masu kansa ma sun amince da hanyoyin natsuwa da sarrafa numfashi. Allurar gargajiyar Sin ta samu karɓuwa a jagoran 2022 wajen ciwon gaɓoɓin da wasu ƙwayoyin kansar mama ke jawowa, da sharaɗin ƙwararre ne zai yi, da sabbin allurai, kuma jini na daidai.

Abin da ake haɗiya

Nan ne aka fi yin ɓarna cikin rashin sani, domin an ɗauka abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa. Ai maganin kansa da kansa daga itace wasu suka fito: vincristine daga wani fure na Madagaska, paclitaxel daga ɓawon wata itaciya ta yammacin Amurka. Ƙarfinsu ne ya sa ake auna su da nauyi da tsawon majinyaci. Ruwan sassaƙen da aka dafa a tukunya shi ma yana iya zama mai ƙarfi, sai dai ba wanda ya san nawa ne a cikin kofi, kuma na yau ba lallai ya yi daidai da na jiya ba.

Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan kansa, kuma wasu tsirrai na sa ta gaggauta ko ta yi jinkiri. Idan ta gaggauta, maganin ya fice kafin ya yi aiki. Idan ta yi jinkiri, ya taru ya zama guba. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Holan a 2002 ya nuna cewa ganyen da ake kira St John's wort, wanda ake sayarwa a matsayin maganin damuwa, ya rage sinadarin da ke aiki na maganin irinotecan a jini da kashi 42 cikin ɗari. Lemon garehul na hana hanta da hanji sarrafa wasu ƙwayoyin kansa da ake sha. Tafarnuwa da citta da kurkum a cikin miya ko shayi ba su da laifi, amma idan aka tattara su a kafso ana sha da yawa suna iya ƙara zubar jini, abin da ya sa likitocin tiyata ke son a daina irin waɗannan mako biyu kafin aiki, kuma an samu rahotannin lahanin hanta daga kafson kurkum a Turai da Amurka. Haka ya kamata a kalli zogale da habbatus sauda da zuma: ci a matsayin abinci daban, ɗirka da cokali safe da yamma a ranakun kimo kuma sai an tambaya.

Ko bitamin bai tsira ba. Wani bincike a kan mata 1,134 masu kansar mama a Amurka, da aka wallafa a ƙarshen 2019, ya ga alamar cewa waɗanda ke shan ƙarin bitamin A da C da E da makamantansu kafin kimo da lokacinsa sun fi fuskantar dawowar cutar, da kusan kashi 40 cikin ɗari. Binciken bai yanke hukunci ba, amma ya yi daidai da abin da masana ke tsoro, cewa abin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lahani na iya kare ƙwayar kansa daga maganin da aka aiko ya kashe ta.

Sai kayan da ake yayatawa a WhatsApp. Ƙwallon wani ɗan itace da ake tallatawa da sunan "bitamin B17" ba bitamin ba ne, yana sakin gubar sayanayid a ciki, kuma tun 1982 aka gwada shi a kan majinyata 178 ƙarƙashin jagorancin asibitin Mayo na Amurka ba a ga amfani ba, wasu ma suka nuna alamun guba. Ganyen sawasof, ɗan'uwan gwandar daji, ya kashe ƙwayoyin kansa a kwalbar gwaji, amma ba a tabbatar yana warkar da mutum ba, kuma an danganta yawan shansa da wata cutar jijiya mai kama da ta karkarwa a tsibirin Gwadaluf. A 2002 aka janye wani haɗin tsirrai mai suna PC-SPES daga kasuwar Amurka, wanda masu kansar furostet suka yi rububinsa, bayan an gano maganin tsinka jini na asibiti a cikinsa. Idan haka ta faru a can, sai a auna jarkar da ba ta da ko takarda a jiki.

Mutane kan ce ai akwai lambar NAFDAC. Yana da kyau a san ma'anarta. Yawancin magungunan gargajiya hukumar na ba su lambar jeri ne mai ƙarewa da harafin L, bayan gwajin da ya nuna ba su da guba a fili, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Lambar ba ta ce yana maganin kansa ba, ba ta kuma ce an gwada shi tare da kimo ba.

Asarar da ta fi yawa ba ta zuwa da hayaniya. Kafin kowane zagaye ana gwada hanta da ƙoda, musamman ga masu karɓar cisplatin da ke bukatar lafiyayyar ƙoda. Idan jiƙon da aka sha ya hargitsa sakamakon, sai a ɗage zagayen ko a rage maganin, likita na ta neman dalili, majinyaci da danginsa sun yi shiru. Ga kuɗin mota da na gwaji sun tafi, ga hutun da aka roƙa a ofis ya ƙare, ga cutar ta samu ƙarin makonni.

Dalilin shirun

Ba a rasa dalilin da ke kai mutane ga waɗannan hanyoyi ba. Maganin kansa na cinye miliyoyi, inshorar lafiya ta NHIA ba ta ɗauke dukkan nauyin, Asusun Tallafin Masu Kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 a asibitoci shida, ciki har da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Gombe, ya fara ne da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet kaɗai. Na'urorin gashi kaɗan ne, kuma idan ɗaya ta tsaya layi kan koma wani gari. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mai maganin gargajiya kuma yana da abin da likitan da ke duba mutum hamsin a yini ba shi da shi, wato lokacin zama ya saurara.

Wasu likitocin ma na da nasu laifin. Majinyacin da aka taɓa daka wa tsawa don ya ambaci sassaƙe ba zai sake ambata ba, zai dai ci gaba da sha. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na da sashen magungunan gargajiya, ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, ga kuma cibiyar kansa ta ƙasa, NICRAT, da ta fara aiki a 2023. A ra'ayina, ƙaramin abin da za su iya yi ba tare da jiran kasafi ba shi ne su sa tambayar "me kake sha ko shafawa bayan wanda muka ba ka?" ta zama layi a takardar kowane asibitin kansa, a yi ta da Hausa da sauran harsuna, kuma ba da fuskar tuhuma ba.

Kafin a kai ga haka, nauyin na kan mai jinya, kuma sau da yawa shi ne hadimin da ke riƙe da jakar fayil. Ranar ganin likita, a tattara duk kwalabe da ƙulle-ƙullen da ke ɗakin a leda guda a tafi da su, har da wanda Hajiya babba ta aiko, a ajiye a gaban likita ko mai harhaɗa magani a ce ga abin da ake sha, ga wanda ake shirin farawa. Idan ana son tausa, a tambaya kai tsaye ko cutar ta taɓa ƙashi, nawa ne filatilet a gwajin ƙarshe, ko ana kan maganin tsinka jini, da wuraren da ba za a taɓa ba, a rubuta amsar a miƙa wa mai tausar. Na san ba shi da sauƙi ƙaramin ma'aikaci ya ce wa maigida, "Ranka ya daɗe, a bari mu tambayi likita tukuna." Amma ya fi sauƙi a ce likita ne ya nemi ganin kwalbar, kuma galibin likitocin kansa za su so ganinta.

Idan likita ya amince, iyali ma na iya yi a gida ba tare da an biya kowa ba. Minti goma zuwa ashirin sun isa, a tafin hannu ko kafaɗa ko tafin ƙafar da ba ta kumbura ba, da man kaɗanya ko man zaitun marar turare, domin ƙamshi na tayar wa mai kimo zuciya. Nauyin hannun kada ya wuce na shafa wa jariri mai bayan wanka. A wanke hannu kafin a fara, mai mura ya bari sai ya warke, a bar ranar da ake zazzaɓi, kuma da zarar majinyacin ya ce ya isa, a tsaya.